Sawun Da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Ranar Juma'a da hantsi aka buga mini ƙofa, aka ce an tsinci gawar Tasi'u a fadamar Dagumawa, kwance ruf da ciki a gefen gonar shinkafa, ƙeyarsa a fashe. Ni ne Isyaku mai bin sawu. Wurin mahaifina na gaji aikin, kuma shekara talatin ke nan in aka kore wa mutum saniya ko aka fasa masa rumbu tsakanin Achika da Darki, ni ake fara nema kafin a tuna da 'yan sanda.

Tasi'u ɗan garin ne, amma a Wudil yake zaune da matarsa da 'yarsu guda ɗaya. Sana'arsa haɗa wa shaguna da gidajen ɗalibai intanet, aikin da har ya koma ga Allah ban gane kansa ba. Ranar Alhamis da la'asar ya zo duba gonar da mahaifinsa ya bari, bai koma gida ba. Ba a sami wayarsa ba, kuma aljihunsa duka biyu a zazzage suke.

Ina isa na ga aiki ya riga ya lalace. Juma'a ce ranar kasuwar shanu ta Wudil, tun asuba garke bayan garke suka bi ta burtalin da ya ratsa fadamar suka tattake komai. Abin da shanu suka rage kuma 'yan kallo suka ƙarasa. Na yi ta zagaye a duƙe har bayana ya ƙage, sai dab da kafaɗar mamacin na sami sawu ɗaya tak a cikin taɓo: ƙafar hagu, ba takalmi, babu ƙaramin yatsa. Mutum ɗaya na sani da wannan ƙafa, Ya'u mai fito, wanda yake haye da mutane kogi a kwalekwale.

Dokar aikinmu ɗaya ce, kuma da ita mahaifina ya fara koya mini: mai bin sawu ba ya faɗin suna a cikin taro. Mai unguwa ake ja gefe a raɗa masa. Amma na daɗe a duƙe, mutane sun gaji da tsayuwa, sai wani daga baya ya ce, "Idon Baba fa ya tsufa, a nemo masu kare kawai." Aka yi dariya, a gaban gawa. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce, "Idon da ya tsufan ne ya ga sawun Ya'u mai fito."

Malam Yahuza, baffan mamacin, ƙanin mahaifinsa, ya ɗora hannu a ka. "Wayyo ɗan yayana! Ku tsaya nan kuna kallo ya haye kogi, jinin Tasi'u ya tafi a banza!"

Samari suka kwasa a guje, na bi bayansu. A bakin ruwa suka sami Ya'u yana gyara kwalekwalensa, da filafilin da yake tuƙi da shi suka fara dukansa. Lokacin da mai unguwa Dattijo ya iso ya faɗa kansa ya rufe shi da babbar riga, Ya'u ya daina motsi. 'Yan sanda suka kai shi asibiti a Wudil, suka ajiye mai gadi a ƙofa, ana jiran ya farfaɗo a kai shi kotu da laifin kisan kai.

*

Ranar ban iya cin tuwo ba, don akwai abin da na gani na ƙi gani. Da aka ɗaga gawar, ƙasar da ke ƙarƙashinta a bushe take. An yi ruwa ranar Alhamis ana kiran magariba, ke nan Tasi'u ya faɗi kafin ruwan. Sawun Ya'u kuwa bakinsa tsaf, ɗigo ɗaya bai taɓa shi ba. Bayan ruwa aka taka shi. Ɗan koyo ma zai lura da wannan, ni kuwa haushin dariya ya rufe mini ido.

Ranar Asabar na je asibitin. Matarsa Lubabatu tana zaune a ƙasa gefen gado tana kore masa ƙuda. Na yi sallama, ta amsa sallamar don ta Allah ce, amma gaisuwata ba ta amsa ba. Fuskar Ya'u ta kumbura har ido ɗaya ya ɓace, numfashinsa da ƙyar yake fita.

"Ya'u, me ya kai ƙafarka wurin?"

"Da asuba ne, Baba. Zan tafi bakin ruwa na gan shi kwance. Na duƙa na taɓa shi, na ji ya sandare." Ya huta. "Tsoro ya kama ni. Na ce in na yi magana, ni za a fara riƙewa."

"Ka ɗauki wani abu a jikinsa?"

"Ni? Tasi'u fa ko kuɗin fito ba na karɓa a wurinsa." Hawaye ya gangaro ta idon da ya rage. "An ce gari duk an yarda ni ne. An ce an hana 'ya'yana ɗiban ruwa a famfo. Baba, ba dukan ne yake cina ba."

Daga nan wurin mai unguwa na wuce, na gaya masa zancen busasshiyar ƙasa. Ya girgiza kai. "Isyaku, wa zai saurare ka? Cewa za su yi ya kashe ya tafi, ya dawo da asuba kwashe aljihu. Kai ka ba su Ya'u. In kana son karɓe shi, sai ka kawo musu wani."

*

Na fara da Auta ɗan acaba, wanda ya kawo Tasi'u daga Wudil. Na same shi a tasha yana goge babur, yana ganina ya ajiye tsumman.

"Baba, don Allah kada ka ambaci sunana ko da wasa. Ina da mata da 'ya'ya uku."

Maganar ta soke ni, amma na shanye. "A ina ka sauke shi?"

"A bakin burtali. Ya ce in dawo bayan magariba. Ruwa ya tare ni, da na zo na yi ta hon ba kowa, na ɗauka ya sami wani ya tafi."

"Wa ya gan ka lokacin ruwan?"

"Ba kowa. A rumfar wata gona na fake."

Ke nan ba shi da shaida. Na riƙe shi a raina, amma bakina a rufe.

Malam Yahuza kuwa a ƙofar gida na same shi yana karɓar gaisuwa, carbi a hannu. Shi yake noma gonar yayansa tun rasuwarsa. Ya ce sun yi alkawari da Tasi'u za su haɗu a gonar, ya jira har ya gaji ya dawo gida kafin hadari ya haɗu.

"Me zai yi a gonar?"

"Aunawa, wai da waya. Yaran yanzu." Ya share ido da hannun riga. "Malam Isyaku, ai ka gama aikinka. Allah Ya saka maka. Me kuma kake nema?"

Na ce ba komai, na yi masa ta'aziyya na tashi.

*

Ranar Litinin Rahinatu, matar marigayin, ta aiko in zo Wudil. Tana takaba, don haka ta bayan labule muka yi magana, 'yarta Radiyya tana wasa da murfin kwano a tsakar gida.

"Baba, kowa zancen waya yake yi. Ba waya kaɗai aka ɗauka ba. Akwai wata 'yar na'ura baƙa, ba ta kai tafin hannu ba, kullum tana aljihunsa. Ita take ba shi intanet duk inda ya je."

"To, ɓarawo ya sayar."

"Ko ya sayar, in dai an kunna ta, sunanta take shela. Duk irinsu haka suke, kowace da sunan da mai ita ya sa mata, tana watsa shi a iska ba dare ba rana. Kunne ba ya ji, amma wannan yana ji."

Ta turo wani abu ta ƙarƙashin labule. Bai fi akwatin ashana ba, da ɗan gilashi a gaba da maɓalli guda. Ta ce a jakar aikinsa yake, da shi yake gane inda waifai yake da inda ba ya kaiwa. In an danna, sai ya jero sunayen da ke kusa, kowane suna da 'yan sanduna a gefensa. In kana matsowa sandunan su ƙaru, in kana nisa su ragu. Bayan taku talatin ko arba'in, sunan ya ɓace.

Na juya abin a hannuna ina jin takaici. Mutumin da ya bi sawun raƙumi kwana uku, yau akwatin ashana ake ba shi.

"Ni ƙasa na iya karantawa, 'yata."

"Ƙasar ce ta kai Ya'u asibiti, Baba." Ta faɗa a hankali, ba da rashin kunya ba, shi ya sa ta fi zafi. Sannan ta turo takarda da rubutu manya-manya: ABBAN RADIYYA. "Sunan da ya sa mata ke nan. Ya gyara ta yadda ba ta kashe kanta. In an cika mata caji aka kunna, sai ta kwana ta wuni tana kira. Ni ban yarda Ya'u ne ba. Kuma ba na so 'yata ta girma tana gaida wanda ya kashe ubanta."

*

Karatuna na boko na yaƙi da jahilci ne, harafi-harafi nake bi. Ranar Talata na shiga layin masu gyaran waya a Wudil ina danna maɓalli. Sunaye suka yi ta zubowa, wasu na mutane, wasu lambobi, wani ma ya sa wa tasa zagi don masu satar intanet. Kusa da wani shagon ɗinki sai idona ya faɗa kan RADIYYA, sanduna cike. Na faɗa shagon na riƙe hannun telan.

"Ina ka sami na'urar?"

"Wace na'ura, Baba? Lafiya?"

Kafin ka ce me, mutum goma sun taru a ƙofa. Wani ya gane ni ya ce, "Ai mai bin sawun nan ne, wani ɓarawon ya kama." Na ga wani ya sunkuya yana neman dutse. Telan ya nuna wani farin abu da aka kafe a bango, ya ce shekara biyu ke nan yana wurin, sunan matarsa ya sa masa. Na fito da takardar na gwada. Babu Abban. Radiyya kawai.

Na ɗaga murya na ce ni na yi kuskure, mutumin nan ba shi da laifi, na maimaita har sau uku kafin mai dutsen ya yar. Na fita. Na rantse a raina, ko da idona na ga abu a hannun mutum, ba zan ƙara nuna kowa a cikin taro ba.

Laraba na zagaye Dagumawa gida-gida kamar mai neman ɓatacciyar akuya, na wuce Achika. A ƙauye abin shiru yake yi, sai can ka ga suna ɗaya ya leƙo ya ɓace. A hanyar dawowa ne na tsaya na yi tunani irin na aikina. Dabba ko ta ɓuya, dole ta je ruwa. Wannan abin kuma ruwansa wuta ne, mu kuwa rabonmu da wuta a ƙauyukan nan har mun manta. Kowa wurin mai caji yake kai wayarsa. Kuma wanda ya ɗauki kayan mamaci ba zai kai wa mai cajin garinsu ba, inda za a iya gane shi. Inda ake cika zai kai, inda ba mai kallon fuskar kowa. Washegari Alhamis, ranar kasuwar Darki.

*

Rumfar caji ta huɗu da na tsaya, ta wani Garzali ce, ɗaki na kwano da 'yar taga, janareta yana ta ɓaɓatu a baya. Na danna maɓalli. Na fito da takarda na gwada harafi-harafi, sau biyu. ABBAN RADIYYA. Sanduna huɗu.

Na zagaya ta baya na shiga. Wayoyi sun fi ɗari biyu jere a kan katako, kowace da ɗan farin salatif mai lamba. Garzali ya taya ni nema har muka sami na'urar, baƙa, 'yar fitilarta tana ƙiftawa. Lamba arba'in da bakwai.

"Wa ya kawo?"

"Baba, ni hannu nake gani da kati. Ka ba ni kaya, in manna lamba, in ba ka kati mai lambar. Ranar kasuwa ko mahaifina ne ya zo ba zan ɗaga kai ba." Ya sosa ƙeya. "Amma na tuna ya ce batirin ajiye caji ne, wai fawa-bank. Na ce masa wannan ba shi ba ne, hayaniya ta hana shi ji."

"Shi ya kunna ta?"

"Ni na kunna. Duk abin da aka kawo sai na kunna na ga yana aiki, kada a dawo a ce a hannuna ya lalace."

A nan na gane abin da ya faru. Kowa a ƙauye ya san ana bin sawun waya, don haka mai laifin ya rabu da wayar. Amma wannan ba ta da gilashi, ba a kira da ita, ya ɗauka batiri ne kawai. Mutumin da yake tafiya mil biyu don ya yi caji ba zai iya jefa batiri a kogi ba.

Na ce wa Garzali ya mayar da ita wurinta, in mai katin ya zo ya ba shi a kunne, kada ya nuna komai. Na koma bayan buhunan wani mai gero na zauna, na ja rawani na rufe fuska. Tagar kullum a cike take, hannuwa goma a lokaci ɗaya, ba ka gane wa ya karɓi me. Bayan la'asar sai na ga sanduna sun koma uku, sun koma biyu. Na tashi na bi. Suka kai ni tasha, gindin wata a-kori-kura mai zuwa Dagumawa, ta cika maƙil. Mata da yawa, da maza uku da na sani: Auta, wanda babur ɗinsa ya lalace ya zo sayen kaya, da Bilya, wanda a gabana ya fara ɗaga filafili a kan Ya'u, da Malam Yahuza, wanda ya sayo goron sadakar bakwai.

Da na ɗaga hannu, da an tsayar da motar. Amma kasuwa ce ta dubban mutane, kuma na ga dutse a hannun mutum shekaranjiya. Na tsaya ina kallo motar ta tashi, sunan ya ɓace daga gilashi.

Abu ɗaya na tabbatar a lokacin: Ya'u kwana shida yana kwance da mai gadi a ƙofa, ba shi ya kawo ta Darki ba. Zuciyata ta ce in wuce Wudil in gaya masa. Sai na tuna idon Lubabatu, na ce a'a, ba zan shiga ɗakin nan da rabin magana ba. Gobe in na kama mai laifin, sai in je musu da abu cikakke. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma ina so in shiga a matsayin wanda ya gyara, ba wanda ya ɓata ba. Na hau mota na koma gida.

*

Juma'a da safe aka yi addu'ar bakwai a ƙofar gidan su Tasi'u. Ana shafawa na danna maɓalli a cikin aljihuna na leƙa. Sunan yana nan. Wanda ya ɗauki na'urar bai yarda ya bar ta a ɗaki ba, inda mata za su iya gani.

Wannan karon na yi yadda aka koya mini. Na ja mai unguwa gefe na raɗa masa. Ya jira jama'a suka watse, ya aika aka kira sajan ɗin da ke kula da maganar, sannan ya ce Auta da Bilya da Malam Yahuza su shigo zaurensa akwai shawara. Aka turo ƙofa.

A cikin zaure sanduna cike suke, ba a gane na wane. Na ajiye ɗan abin nan mai gilashi a kan tabarma inda mai unguwa da sajan suke gani, takardar Rahinatu a gefenta.

"Ba zan taɓa aljihun kowa ba," na ce. "Ga tsamiya can a bakin hanya, ta fi taku sittin. Kowa zai je ya taɓa ta ya dawo, ɗaya bayan ɗaya."

Bilya ya ɓata fuska. "Wannan kuma wane irin tsafi ne, Baba? Ai mun riga mun kama mai laifi."

"Kai za ka fara," in ji mai unguwa.

Ya tafi yana ƙunƙuni, ya taɓa tsamiya ya dawo. Sunan bai motsa ba. Auta ya tashi yana salati, gumi har ya jiƙa masa riga, ya je ya dawo. Sunan yana nan daram.

Malam Yahuza bai tashi ba. "Ranka ya daɗe, ni ne fa mai mutuwar. Yanzu aka shafa addu'ar ɗana. Ni za a sa ina zagaye kamar yaro?"

"Taku sittin ne, Yahuza. Je ka dawo."

Ya miƙe a hankali, ya gyara hula ya fita. Muka zuba wa gilashin ido. Huɗu. Uku. Yana wuce rijiya suka koma biyu. Ɗaya. Yana ɗora hannu a jikin tsamiya sunan ya ɓace, gilashin ya zama fayau. Mai unguwa ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Yahuza ya juyo, bai san abin da muke kallo ba, yana takowa sunan ɗan yayansa yana dawowa tare da shi, sanda bayan sanda, har ya shigo zaure.

Sajan ya ce ya zazzage aljihun 'yar cikinsa. Carbi ya faɗo, da goro biyu, da baƙar na'urar, fitilarta tana ƙiftawa, salatif mai lamba arba'in da bakwai yana manne.

"Batiri ne," ya ce. "A kasuwa na saya."

Na tura masa takardar. "Ba batiri ba ne, Yahuza. Tun jiya take kiran sunan mai ita daga aljihunka. Abban Radiyya."

Ya daɗe yana kallon abin. Sannan ya zauna a ƙasa.

"Shekara goma sha bakwai ina zuba wa gonar nan taki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da hannuna na cire ƙaya, na tare ruwa. Ya zo yana zagaye da waya, ya ce zai sayar wa masu yashi su haƙe ta. Na ce Tasi'u, kabarin wahalata ne wannan. Ya ce Baffa, ai aro aka ba ka. Ya juya mini baya yana danna waya, galma tana hannuna." Ya rufe fuska. "Wayar na jefa a kogi."

"Ya'u fa?" in ji mai unguwa. "Kai ka ce a bi shi."

Yahuza ya ɗaga kai ya dube ni. "Ba ni na ambaci sunansa ba."

Bilya ya juya fuskarsa ga bango.

*

Auta ya ari babur ya kai ni Wudil. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa, ina maimaitawa a raina. Na tarar babu mai gadi a ƙofar ɗakin. An naɗe katifar gadon, Lubabatu tana tsugune tana haɗa kwanuka a cikin zani.

Na yi sallama. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Ina Ya'u?"

"Suna can suna yi masa wanka. Da hantsi ya cika."

Na dafa ƙarfen gado. Duk da haka bakina ya faɗi abin da ya shirya, don ba shi da wani. "Lubabatu, an kama wanda ya kashe Tasi'u. Yahuza ne, ya amsa da bakinsa a gaban hukuma. Mijinki ba shi da laifi."

Ta ɗaure bakin zanin, ta ja kullin sosai. "Ni kake gaya wa? Ni na sani tun ranar farko. Shi ne yake son ya ji wani ya faɗa. Duk wanda ya turo ƙofar nan sai ya ce in duba ko daga gari ne." Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Idonta a bushe yake. "Yaushe ka sani, Malam?"

Na so in ce yau da safe. Ba wanda zai ƙaryata ni.

"Jiya bayan la'asar. A Darki."

"Jiya bayan la'asar." Ta jinjina kai. "Jiya bayan la'asar ya sha kunu cokali biyar. Yana ji, yana magana, har sallar magariba ya yi da ishara. Sai bayan asuba bakinsa ya rufe." Ta ɗora ƙullin kwanukan a ka ta miƙe. "Daga Darki zuwa nan tafiyar minti nawa ce a mota?"

Na san amsar. Ba ta kai rabin awa ba. Ta raɓa ta gefena ta fita wurin gawar mijinta.